Yadda Ake Haɗa Kare da Kare Ba Tare da An Kai ga Cizo Ba

Tambayar nan ta yi yawa daga masu ajiye kare don gadi, da mafarauta, da waɗanda suka sayo kwikwiyo alhali akwai babban kare a gida: yaya zan gane wasa suke yi ko faɗa ne ke shirin tashi? Yawancin masu tambayar sun riga sun gwada hanyar da kowa ya sani, wato a tura baƙon kare cikin tsakar gida a ce su daidaita kansu. Wani lokaci sukan daidaita. Wani lokaci kuma kunne ne ke tsagewa, ko hannun mai raba faɗa.

Kare ba ya kai cizo haka kawai. Kafin haƙori ya taɓa fata, jikinsa ya riga ya yi gargaɗi sau da dama, mu ne ba mu duba ba. Abin da za ka riƙe tun daga nan har ƙarshe guda ne: jiki a sake lafiya ne, jiki a sandare matsala ce. Ga yadda ake bin aikin.

1. Fara da katin rigakafi

Kada ka haɗa karnuka biyu sai ka tabbatar dukansu an yi musu allurar ciwon haukan kare, kuma ba ta wuce wa'adinta ba. Ana yi wa kwikwiyo ita idan ya kai wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Ka nemi katin da likitan dabbobi ya sa wa hannu, kada ka yarda da "ai an yi masa" na baki. Cutar nan tana kashe mutane kusan 59,000 a duniya duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga cizon kare suka kamu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana haɗa wannan allura, ana kuma samun wadda ake shigowa da ita daga ƙasashen waje a asibitocin dabbobi.

Idan ɗayan kwikwiyo ne, akwai kuma allurar haɗaka da ke kare shi daga fabo, cutar nan ta amai da gudawar jini da ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki. Ana fara ta tsakanin mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa har ya kai wajen mako 16.

Maganar kuɗi: farashin allura yana canzawa, kuma asibitin gwamnati ya fi na 'yan kasuwa sauƙi, don haka ka tambaya a wuri biyu kafin ka biya. Wasu jihohi kan yi ta kyauta ko da rahusa a kusa da ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. Ko nawa aka ce maka, bai kai kuɗin alluran da za a yi wa mutum guda da aka ciza ba.

Gargaɗi: ƙwayar cutar fabo tana daɗewa a cikin ƙasa, watanni da yawa. Kwikwiyon da bai gama allurarsa ba kada ka kai shi filin da karnukan unguwa ke kashi. Ka haɗa shi da babban kare mai lafiya, mai haƙuri, a wuri mai tsafta.

Kada kuma ka yi haɗin idan akwai karya mai neman barbara, ko mai shayarwa, ko kare mai ciwo a jiki. Ciwo yana rage haƙurin kare fiye da komai.

2. Kayan aiki

Mutum biyu, kowa da karensa, kuma kowa babba ne mai ƙarfin riƙewa. Wannan ba aikin yara ba ne. Igiya mai tsawon kamar mita 2 ga kowane kare, da abin wuya da ba zai zame ta kai ba. Sarƙar ƙarfe mai nauyi da ake ɗaure kare a gida ba ta dace ba, tana jan wuyansa ƙasa tana ɓata yanayin tsayuwarsa, ga shi in ta naɗe a ƙafa tana ji masa rauni. Ka tanadi bokitin ruwa cike, da faffaɗan katako ko murfin babban daro da za a iya sakawa tsakaninsu. Ɗan gutsuren nama ko kifi busasshe a aljihu yana da amfani wajen janyo hankalin kare, amma a aljihu zai zauna, ba a zubar da shi a ƙasa.

Karen da ya taɓa cizon wani kare sai da takunkumi, irin mai kama da kwando wanda zai bar shi ya buɗe baki ya yi haki. Takunkumin yadi da ke ɗaure baki gam yana iya kashe kare a zafinmu. Ka saba masa da shi kwanaki kafin ranar, kada ranar haɗuwa ta zama ranar da ya fara ganinsa.

3. Zaɓi wuri da lokaci

Wurin da ba na kowa ba. Karen gadi yana ganin tsakar gida, bakin get da gindin kejinsa a matsayin mallakarsa, kuma aikin da ka ɗora masa ke nan, ya kore baƙo. Ka nemi fili a bayan gari, ko layin da babu yawan mutane da babura. A kauce wa lungu mai ƙunci, domin kare yana buƙatar sararin da zai kauce.

Da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, kwalta da yashi suna ƙona tafin ƙafarsa, ga haki da zai rufe maka sauran alamomin fuska. Kafin ku haɗu, kowa ya ɗan zagaya da karensa shi kaɗai, ya yi fitsari, ya rage zumuɗi. Karen da aka kwance daga ɗauri na yini guda aka kai shi gaban wani kai tsaye, ƙarfin da ya tara a kan ɗan'uwansa zai sauke shi.

4. Tafiya daga nesa, a nan ake karatun jiki

Ku fara tafiya ta fuska ɗaya, da tazarar kamar mita 10 a tsakani, mutanen a tsakiya, karnukan a waje. Kada ku tunkari juna gaba da gaba. A wurin kare, zuwa kai tsaye ido cikin ido neman rigima ne. Masu ladabi a cikinsu zagayowa suke yi ta gefe.

Yanzu sai ka sa ido. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a kare fuska kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da sauran jiki.

Wutsiya ita ce ta fi ruɗin mutane. Kaɗa wutsiya ba ya nufin murna, yana nufin dai hankalin kare ya tashi a kan wani abu. Idan tana lilo da faɗi, daidai da gadon baya ko ƙasa kaɗan, har ƙugu na motsi tare da ita, wannan maraba ce. Idan ta miƙe sama ƙyam, ƙarshenta kawai ke rawa da sauri, ka ƙara tazara nan take. Idan an cusa ta tsakanin cinyoyi, tsoro ne, kuma matsoracin kare da aka matse ya fi mai fankama saurin cizo. Wasu masu bincike a Italiya sun nuna a 2007 cewa wutsiya ta fi karkata zuwa damar kare idan ya ga wanda yake so, zuwa hagu kuma idan ya ga abin da yake shakka. Abin sha'awa ne, amma kana riƙe da igiya a fili ba za ka iya auna wannan ba, kada ka ɓata lokaci a kai.

Gargaɗi: karnukanmu na gida da yawa wutsiyarsu a naɗe take a kan baya tun asali, don haka ɗagewarta ba alama ba ce. Ka san yadda take idan yana zaune lafiya, sannan ka lura da bambanci. Manyan karnukan waje irin su Boerboel da Rottweiler kuma sau da yawa an guntule musu ita, kamar yadda wasu mafarauta ke yanke wa nasu kunne. Irin waɗannan, ba kai kaɗai ba, ɗaya karen ma yana shan wuyar gane su. Ka duba gindin wutsiyar da gindin kunnen, kuma ka ba su lokaci fiye da na sauran.

Baki a ɗan buɗe, harshe a sake, alama ce mai kyau. Karen da ke haki sai kwatsam ya rufe baki gam yana kallon ɗayan, a ganina babu alamar da ta fi wannan muhimmanci, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa saboda ba ta da ƙara. Ido mai laushi, yana ƙiftawa, yana kallo yana kawar da kai, lafiya. Ido a kafe ba ƙiftawa, ko kuma ya juya kai gefe amma ƙwayar idon na kan ɗayan har kana ganin farin, wannan takura ce. Kunne a tsaye an turo shi gaba tare da nauyin jiki a kan ƙafafun gaba, shiri ne. Kunne a manne da kai, jiki ya koma baya, tsoro ne.

Gashin gadon baya idan ya tashi, daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya, ba kare ne ke tayar da shi da gangan ba, kuma ba lallai faɗa yake nufi ba. Ƙuruciya da zumuɗi ma suna tayar da shi. Ka ɗauke shi a matsayin umarnin dakatawa, kada a matso sai ya kwanta.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da wata mai horar da karnuka 'yar Norway, Turid Rugaas, ta yi suna wajen jawo hankali a kansu: hamma ba tare da barci ba, lasar hanci da sauri, kawar da kai, tsayawa shinshina ƙasa ba dalili, ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Kare na yin su idan abin ya ɗan yi masa nauyi, yana neman a sassauta. Idan naka ya tsaya yana shinshinar ƙasa a daidai lokacin da ɗayan ya matso, kada ka fizge shi, sulhu yake nema.

Idan dukansu suna tafiya a sake, suna kallon juna suna mantawa, sai ku rage tazara da kaɗan kaɗan. Sannan ɗaya ya wuce gaba, ɗayan ya biyo baya ya shinshina inda na gaba ya taka ko ya yi fitsari, sai ku sauya. Idan wani ya ƙi karɓar naman da ka miƙa masa, alhali ka san bai saba ƙi ba, kun yi kusa da yawa. Ku koma baya. Ba dole ba ne a gama a rana ɗaya.

5. Shinshinar farko: ƙidaya uku

Ku bar su su matso ta gefe, igiya a sake tana reto. Gaisuwar kirki takan fara da ɗan shinshinar fuska, sai kowa ya zagaya bayan ɗan'uwansa ya shinshina ƙarƙashin wutsiya. Mu muna ganin abin ƙazanta ne, wasu har su kai duka. A bari. A nan ne kare ke sanin jinsin ɗayan da halin da jikinsa yake ciki.

Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuci, sai kowa ya kira karensa da murya mai daɗi ya yi gaba da shi. Ku ɗan zagaya, ku dawo, ku sake. Yawancin rigima tana tashi ne idan gaisuwa ta daɗe, an rasa wanda zai fara janyewa. Kai ne za ka fitar da su daga wannan tsaka mai wuya.

Gargaɗi: kada ka ja igiya ta yi tamau. Idan ka ja, ƙirjin karenka yana ɗagawa, kansa ya miƙe, sai ya yi kama da mai neman faɗa ko da ba haka yake nufi ba, ga shi ka hana shi hanyar kaucewa. Ku riƙa zagayawa tare da su don kada igiyoyin su sarƙe. Karnuka biyu da igiya ta haɗe wuyansu, ko abokai ne suna iya yin faɗa.

Ku raba su tun kafin ukun ta cika idan ɗaya ya ɗora haɓarsa ko ƙafarsa a kan kafaɗar ɗayan, ko ya tsaya a gicciye a gabansa yana miƙe wuya, ko dukansu suka daskare ba motsi. Wannan daskarewa takan ɗauki daƙiƙa ɗaya ko biyu ne kawai, abin da ke biyo bayanta kuwa ba ya jira. Akasin haka, in sun rabu sai ka ga kare ya girgiza jiki kamar wanda ya fito daga ruwa, ya sauke nauyin da ya ji ne, alama ce mai kyau.

6. Sakin igiya da gane wasa

Bayan gaisuwa ta yi kyau sau da dama, ku shiga wuri mai katanga ku saki igiyoyin a ƙasa, suna ja, don a samu abin takawa in ta ɓaci. Ku kwashe ƙashi, kwanon abinci, ƙwallo, duk abin da za a iya yin rowa a kansa.

Gayyatar wasa ba ta ɓuya: kare ya kwantar da ƙirji da gwiwoyin gaba a ƙasa, ɗuwawu a sama, baki a buɗe, sai ya yi tsalle gefe. Wani masanin halayyar dabbobi a Amurka, Marc Bekoff, ya lura cewa karnuka sun fi yin wannan durƙuso dab da cizon wasa ko bayansa, kamar dai suna tunatar da juna cewa ba da gaske ba ne.

Ga yadda wasa mai kyau yake in ka tsaya kusa. Babban karen farauta ya bi matashin kare a guje, ya cim masa, ya kai masa baki a wuya, ya sake. Sai babban ya faɗi da kansa ya yi birgima, ƙaramin ya hau kansa yana jan fatar kumatunsa, gurnani na tashi kamar za a ci juna. Can sai su tsaya cak, kowa yana haki, ɗaya ya yi atishawa, ɗayan ya sake durƙusawa, sai ƙaramin ne kuma ke bin babban. Abubuwa uku ke nan a ciki: ana karɓa-karɓa, mai ƙarfi yana rage ƙarfinsa da gangan, kuma ana hutawa a tsakani. Motsin ma na ɓarnar ƙarfi ne, tsalle-tsalle da lanƙwasa, ba a miƙe kamar na farauta ba.

Gurnani da bayyanar haƙora a cikin wasa ba abin tsoro ba ne muddin jiki a sake yake. Gurnanin wasa yana hawa yana sauka. Na gaske ƙasa-ƙasa yake, a jere, daga jikin da ya sandare, leɓe a tattare, hanci a yamutse.

Gargaɗi: kada ka daki kare don ya yi gurnani. Babbar karya da ta yi wa kwikwiyo gurnani, ko ta kai masa cafka a iska don ya dame ta, tarbiyya take yi masa, in dai ta tsaya a nan kuma shi ya ja da baya. Karen da aka hana gurnani da bulala bai daina jin haushi ba, gargaɗin kawai ya daina bayarwa.

7. Gwaji idan kana shakka

Idan ka kasa gane ko na ƙasan yana jin daɗi, ka taka igiyar wanda ke sama ka riƙe shi a hankali. Ka bar ɗayan. In ya dawo yana tsokana, wasa ne, sake su. In ya yi nisa, ko ya ɓuya bayan mai shi, ko ya nufi ƙofa, ya gaji, wasan ya ƙare ke nan.

Ka tsayar da wasa ba tare da gwaji ba idan ɗaya ne kullum ake bi kuma wutsiyarsa a matse, ko an danne shi ya yi ƙara ba a sake shi ba, ko ana kama wuya ana girgizawa, ko gudu yana ta ƙaruwa babu hutu. Hawan baya da ake ta maimaitawa ma a hana, yawanci zumuɗi ne ya yi yawa, kuma wanda ake hawa zai gaji ya rama. Karnuka uku sun fi biyu haɗari, don biyu kan taru a kan ɗaya. Babban kare da ɗan ƙarami sosai kuwa kada a bar su su yi tsere, musamman karen da aka saba wa bin zomo. Ƙaramin abu mai gudu yana ƙara yana iya tayar masa da halin farauta cikin ƙiftawar ido.

Minti 5 zuwa 10 sun isa a ranar farko. Ku tashi tun ana cikin daɗi.

8. In faɗa ya ɓarke

Kada ka sa hannu kusa da kai ko abin wuya. Karenka da ya san ka tun yana jariri zai cije ka a wannan hali bai ma san kai ba ne. Faɗa mai yawan hayaniya sau da yawa yakan mutu da kansa cikin daƙiƙu. Wanda aka yi shiru aka riƙe, shi ne mai haɗari, kuma faɗan karya da karya yakan fi na maza muni.

Fara da ƙara mai ƙarfi, buga murfi ko kwano. In bai yi ba, watsa musu bokitin ruwan a fuska, ko a zura katakon a tsakaninsu. In duk ba su yi ba, kowane mutum ya kama ƙafafun bayan karensa a sama kusa da cinya, ya ɗaga, ya ja da baya yana zagayawa don kada karen ya juyo ya same shi. Dole ku yi a lokaci ɗaya. Idan ɗaya ya riƙe nama gam, kada ku fizga, jan yana yaga fata fiye da cizon. Duka da sanda ƙara musu wuta yake yi. Da sun rabu, a kai su inda ba sa ganin juna.

Ka duba jikin kowanne da kyau, wuya, ƙirji, hammata, cikin cinya. Hudar fiƙa ƙarama ce a waje amma tana yin ɓarna a ciki, kuma tana saurin yin ruwa, don haka a kai wa likitan dabbobi. In mutum ne ya samu cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko ganye. A killace karen da ya yi cizon a sa masa ido kwana 10, amma ba a jira kwanakin su cika kafin a ga likita.

9. Shiga gida da baƙon kare

Ku shiga tare bayan tafiya, ta babbar ƙofa, kada a yi cunkoso a bakinta. Kowa da kwanonsa, da wurin kwanansa, kuma a ba su abinci a rabe, da ƙofa ko katanga a tsakani, a ɗauke kwanukan da sun gama. Ruwan sha a ajiye a wuri biyu. Tsohon kare ya ci gaba da samun kulawar da ya saba, kuma a ba shi inda zai gudu ya huta in kwikwiyo ya ishe shi.

Kada ka bar ɗaya a ɗaure ɗaya a sake. Na ɗaure ba shi da hanyar kaucewa, don haka da haƙori zai kare kansa. Makonnin farko, duk lokacin da ba kowa a gida, ko da daddare da ake sakin karen gadi, a raba su. Sai ka ga suna kwanciya kusa da juna da kansu, suna wucewa ta gaban juna a ƙofa ba wanda ya daskare, kwanaki a jere, sannan ka fara barin su tare na ɗan lokaci, kana ƙarawa a hankali. Idan bayan makonni har yanzu ɗaya na tare wa ɗaya hanya, ko an yi faɗan da ya fitar da jini fiye da sau ɗaya, ka raba musu wuri na dindindin, ka kuma kai mai tsokanar wurin likitan dabbobi a duba ko akwai ciwon da ke damunsa.